Labda, Birnin da Zaitun Ya Gina

Sunan Tarabulus ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Daga can ayarin Larabawa ke tasowa a da, su bi ta Gadamas da Gat ko ta Murzuk, su zo su sauke kaya a Kano. Sai dai kaɗan ne suka san cewa asalin sunan Girkanci ne, ma'anarsa kuwa birane uku. A zamanin Rumawa garuruwa uku ne a jere a wannan gaɓa ta Bahar Rum: Oya, da Sabrata, da Leptis Magna. Oya ce ta rayu har ta gaje sunan duka ukun, ita ce Tarabulus ta yau. Sauran biyun sun zama kufai. Wadda ta fi girma da dukiya a cikinsu a wancan zamani ita ce Leptis Magna, wadda Larabawa ke kira Labda.

Kufan Labda yana kusa da garin Khums, tafiyar kamar kilomita 130 gabas da Tarabulus, daidai inda wani kwari mai suna Wadi Labda ke zuba a teku. Wanda ya shiga zai taka tituna shimfiɗe da dutse, ya ga kasuwa da teburanta, da gidan wasan kwaikwayo mai kallon teku, da gidan wanka mai girman fada, da tashar jiragen ruwa wadda ciyawa ta cika cikinta. A duk ƙasashen da Rum ta mulka, garuruwan da suka rage da kamanninsu haka ba su da yawa. Ido kuwa yakan tafi ne ga ginshiƙan marmar, wato dutsen nan mai sheƙi da aka yi ta jigilarsa daga ƙetaren teku, har mutum ya ɗauka teku da sarakunan Rum ne suka yi garin. A ganina ran Labda a bayanta yake, cikin gonakin zaitun da ke kan tuddai, da madatsun ruwa, da zaman lafiya da mutanen sahara. Ranar da waɗannan suka kuɓuce, marmar bai tsinana mata komai ba.

Ba Rumawa ne suka kafa ta ba. Finikiyawa ne, fataken teku daga gaɓar da ake kira Labanan a yau, suka yi zango a bakin kwarin tun wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya garin ya koma ƙarƙashin Kartaj, babbar daular Finikiyawa da ke ƙasar Tunisiya ta yanzu. Da Rum ta rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, mutanen Labda ba su tsaya makoki ba. A shekara ta 111 kafin Miladiyya, lokacin yaƙin Rum da Jugurta sarkin Numidiya, suka aika neman ƙawance da Rumawa, aka karɓe su hannu bibbiyu. Sau ɗaya suka yi kuskuren zaɓen gwani. A yaƙin basasar Rum sun bi abokan gabar Juliyas Kaisar, shi kuwa da ya yi nasara a shekara ta 46 kafin Miladiyya ya ɗora musu tarar man zaitun mai nauyin fam miliyan 3 na Rumawa kowace shekara, wato kusan lita miliyan ɗaya.

Wannan tara ita ce ta fi kowane gini bayyana arzikin garin, domin ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ƙasar Labda ba ta samun ruwan sama sosai, ɗan abin da ke sauka kuma yakan zo a guje ya share ƙasa ya wuce teku. Manoman tuddan Tarhuna da Misallata suka yi wa ruwan dabara. Sukan gina ƙananan katangu a gicciye cikin kwaruruka, ruwa ya tsaya, laka ta kwanta, su dasa zaitun a kai. Itace ne mai haƙuri da ƙishi, amma yana ɗaukar shekaru kafin ya fara 'ya'ya, saboda haka ba mai dasa shi sai wanda ya tabbata zai kwana lafiya a gonarsa shekara da shekaru. Har yau tuddan cike suke da dogayen duwatsu bibbiyu a tsaye, da wani a gicciye a kansu. Wani Baturen Ingila mai suna Cowper ya zagaya su a ƙarshen ƙarni na 19, ya rubuta littafi guda yana cewa wuraren bauta ne na mutanen farko. Ashe madogaran itacen matsar mai ne. Ɗaruruwansu aka ƙirga, wasu gonakin da matsa fiye da goma a jere.

Man zaitun a duniyar Rum ya wuce abin miya. Shi ne man fitila, shi ake shafawa a gidan wanka a kankare dauɗa da shi maimakon sabulu, shi ne kuma gindin magunguna da turare. A cikin manyan tuluna masu hannu biyu ake ɗura shi a loda wa jirage. A birnin Rum akwai wani tudu, Monte Testaccio, wanda ba komai ba ne illa tarin fasassun tulunan mai, a cikinsa kuwa an tsinci na ƙasar Tarabulus birjik.

Da kuɗin mai attajiran garin suka fara gini, tun kafin wani sarkin Rum ya waiwaye su. Wani mai suna Annobal Tapapiyus Rufus ya gina kasuwa wajen shekara ta 8 kafin Miladiyya, ya kuma gina gidan wasan kwaikwayo a shekara ta 1 zuwa 2 Miladiyya. Sunansa kaɗai ya ishi mai lura: Annobal na Finikiyawa ne, Rufus na Rumawa. Rubutun da ke ƙofar gidan wasan ma da harshe biyu aka sassaƙa shi, Latin a sama, harshen Kartaj a ƙasa. Shugabannin garin sun daɗe suna riƙe da tsohuwar sarautarsu ta Finikiyawa, shufet, kalmar da ke nufin alƙali. Gumakansu biyu na gargajiya, Shadrafa da Milkashtart, suka sa musu rigar Rumawa suka kira su Liber Pater da Harkulis, aka ci gaba da bauta kamar da. Mutane ne da suka iya zama da mai ƙarfi, su ba shi suna da girma, su riƙe kasuwa.

Kasuwar tana da abin kallo. Akwai rumfuna biyu masu kusurwa takwas a tsakiyar fili, da teburan dutse na masu kifi da nama. Akwai dutse mai ramuka da ake gwada ma'auni a kai, da wani da aka zana ma'aunan tsawo uku: kamun Kartaj, da ƙafar Rum, da kamun Iskandariya. Mai sayen yadi daga Masar da mai sayarwa ɗan gari, in gardama ta kaure, sai su taka zuwa gaban dutsen. Abin sha'awa, masana harshe da dama na ganin mudun da muke awo da shi, wanda muka samo daga Larabci, can asalinsa daga modius ne, ma'aunin hatsi na Rumawa.

Gine-gine suka ci gaba da ƙaruwa. A shekara ta 56 Miladiyya aka haƙa filin kokawa da namun daji a cikin wani tsohon ramin fasa dutse, mai cin mutum kamar 16,000. Sarki Tarajan ya ɗaga darajar garin wajen shekara ta 109, 'yan garin suka zama 'yan ƙasar Rum cikakku. A zamanin Sarki Hadriyan wani attajiri ya jawo ruwa daga Wadi Ka'am da kuɗinsa, aka buɗe babban gidan wanka wajen shekara ta 127. Akwai filin sukuwar keken dawaki a bakin teku mai tsawon kamar mita 450.

To, ina labarin sahara? A kudu, a ƙasar Fazzan, akwai Garamantawa, masu birni a Garama, wato Jarma ta yau, waɗanda suka haƙa dogayen hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suna noma a tsakiyar hamada. Wata rana abokan ciniki ne, wata rana maƙiya. Wajen shekara ta 69 rikicin kan gona da sace-sacen dabbobi ya haɗa Labda da maƙwabciyarta Oya, mutanen Oya suka gayyato Garamantawa, suka yi wa ƙasar Labda kaca-kaca, sai da sojan Rum suka zo suka kore su. Bayan wannan aka shirya. Masanin taswira Batlamiyus ya ruwaito cewa wani Juliyas Matanus ya tashi daga Labda zuwa Garama, ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata huɗu kudu, har wata ƙasa mai suna Agisimba inda karkanda ke taruwa. Masana sun rabu kan wurin: wasu sun ce yankin Tafkin Chadi ne, wasu Tibasti, wasu Azbin. Ko ina ne, mutumin Labda ya matso kusa da ƙasashenmu shekara fiye da 1,900 da suka wuce. Hauren giwa da namun dajin da ake kaiwa filayen wasa da bayi sun ratsa ta wannan gaɓa, giwa ma ta zama kamar tambarin garuruwan. Amma kada a zuzuta abin. Ayarin wancan zamani bai kama ƙafar wanda aka yi bayan zuwan Musulunci ba, kuma abin da ƙasa ta nuna wa masu tono shi ne mai ya fi haure kawo kuɗi nesa ba kusa ba.

A watan Afrilu na shekara ta 145 aka haifi Septimiyus Seberus a Labda, a gidan masu hali. Ya tafi Rum, ya shiga majalisa, ya riƙe larduna, har ya zama kwamandan rundunonin bakin kogin Danub. A shekara ta 193, shekarar da aka kashe sarakuna biyu a jere, sojojinsa suka naɗa shi, ya yi shekara huɗu yana murƙushe masu jayayya da shi. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau gadon Rum. Tsoffin marubuta sun ce har ya tsufa harshensa bai rabu da karin mutanen Afirka ba, kuma wai 'yar'uwarsa da ta kai masa ziyara Latin ɗinta ya ba shi kunya har ya sallame ta gida da kyaututtuka. Matarsa Juliya Domna 'yar Hims ce ta ƙasar Sham. Babban na hannun damansa, Plautiyanus, shi ma ɗan Labda ne.

Ɗan gari ya samu, gari ya shaida. Seberus ya yafe wa Labda harajin ƙasa, ya daidaita ta da garuruwan Italiya. Ya kafa sansanonin soja can cikin hamada, a Bu Nujaim da Gadamas, don tsare gonaki da hanyoyi. Sannan aka shiga gini irin wanda garin bai taɓa gani ba. Aka kafa ƙofar girmamawa mai fuska huɗu a mararrabar manyan tituna, albarkacin ziyarar da ya kawo gida wajen shekara ta 203. Aka shimfiɗa titi mai ginshiƙai dama da hagu daga gidan wanka har tashar jirage, tsawon kamar mita 400. Aka gina sabon dandali kewaye da kawunan marmar na Medusa, dodanniyar tatsuniyar Girkawa, kowanne da irin kallonsa, da katafaren zauren shari'a wanda ɗansa Karakalla ya ƙarasa a shekara ta 216. Jan dutsen ginshiƙan daga Aswan aka kawo shi, farin marmar da kore daga tsibiran Girka da Asiya Ƙarama. Shi Seberus bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a York ta ƙasar Ingila a watan Fabrairu na 211, yana yaƙi da mutanen arewacin tsibirin. Kafin shekarar ta fita Karakalla ya sa an kashe ƙaninsa Geta, aka bi duwatsu ana kankare sunansa, har a Labda.

Tashar jiragen ruwan ita ce abin da ya fi tsaya mini a rai. Kafin Seberus, bakin kwarin a buɗe yake, da wasu 'yan tsibirai suna kare shi daga iska. Maginansa suka haɗe tsibiran da tudu, suka kewaye wurin da katangun dutse, suka jera ɗakunan ajiya, suka kafa hasumiya mai wuta a ƙarshe don shiryar da jirage da dare. Aiki ne na gani na faɗa. Sai dai da aka rufe bakin, ruwan teku ya daina wanke lakar da kwarin ke kawowa. Akwai madatsa a sama da gari da ke karkatar da ambaliya, amma ita madatsa kullum tana son hannu. Tashar ta fara cikewa. Masu tono sun lura cewa duwatsun da ake ɗaure jirage a jikinsu ba su nuna cin igiya sosai ba, abin da ya sa da yawansu ke ganin tashar ba ta yi dogon aiki ba. Riga ce aka ɗinka wa garin wadda ta fi ƙarfin kafaɗarsa, kuma da gidan Seberus ya faɗi a shekara ta 235 babu mai biyan kuɗin wankinta.

Duk da haka garin bai mutu nan take ba. Wajen shekara ta 300 shi ne ma hedkwatar sabon lardin Tarabulus. Abin da ya karya masa ƙashin baya ya zo ne wajen 363, kuma marubucin tarihi Ammiyanus ya ba da labarin dalla-dalla. Wata ƙabilar sahara, Austuriyawa, ta far wa ƙasar Labda don ɗaukar fansar wani ɗansu da hukuma ta ƙone. Mutanen gari suka kira Romanus, kwamandan sojan Afirka. Ya zo da runduna, ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai an tara masa guzuri da raƙuma 4,000. Mutanen da aka gama wawashewa ina za su samo? Ya yi kwana 40 ya juya abinsa. Suka kai ƙara gaban Sarki Balentiniyan, aka turo wani Palladiyus ya bincika, ya kuma taho da albashin sojoji. Romanus ya sa hafsoshi suka mayar wa mai binciken wani kaso na kuɗin a matsayin kyauta, da ya karɓa kuwa sai ya kama shi da wannan igiya. Palladiyus ya koma ya ce mutanen Labda ƙarya suke yi. Aka kashe gwamnan lardin da ya faɗi gaskiya, aka yanke hukuncin cire harsunan mutum biyu daga cikin masu ƙorafin, suka gudu suka ɓuya. Sai bayan shekaru aka ga wata wasiƙa cikin takardun Romanus, asiri ya tonu, Palladiyus ya rataye kansa. Kafin nan maharan sun dawo har sau biyu, sun kashe manoma, sun sare itatuwa. Ganuwa ta tsare mutanen cikin gari, amma abincinsu a waje yake. Wanda aka sare wa zaitun, ya kuma ga yadda hukuma ta yi, da wace zuciya zai sake dasawa?

Daga nan sai gangara. Bandalawa, wata ƙabila daga Turai, suka karɓe yankin a tsakiyar ƙarni na 5. Rumawan Gabas suka ƙwato shi a 533, suka tarar, in ji marubucin tarihi Prokopiyus, rairayi ya binne yawancin garin. Sarki Justiniyan ya kewaye ɗan yankin da ke kusa da tasha da sabuwar ganuwa, aka mayar da zauren shari'ar Seberus coci. Wajen 543 gwamnansu Sarjiyus ya gayyaci manyan ƙabilar Lawata su 80 cin abinci a Labda. Suka yi ƙorafin cewa sojoji na cinye musu amfanin gona, magana ta yi zafi, ɗayansu ya riƙo rigar gwamna, dogarai suka zare takubba. Mutum ɗaya ne ya fita da rai. Tawayen da ya biyo baya ya ci Afirka ta Arewa shekaru. Lokacin da rundunar Amru ɗan Asi ta ci Tarabulus wajen 643, Labda ba ta da sauran wani ƙarfi. Mutane kaɗan sun ci gaba da zama cikin kangayen na wasu ƙarnoni, daga baya rairayi ya rufe ƙofa.

Rufewar nan ita ta yi wa Labda rana. Oya da ta rayu, kowane zamani ya yi gini a kan na baya, har abin da ya rage a tsaye na Rumawa a Tarabulus bai wuce ƙofar Sarki Markus Aureliyus ba. Abin da ya leƙo sama da rairayi a Labda shi ya sha wuya. Maƙwabta sun ɗebi dutse sun yi gini. A ƙarshen ƙarni na 17 jakadan Faransa a Tarabulus, Claude Lemaire, ya yi ta loda ginshiƙai zuwa ƙasarsu, wasu suka shiga fadar Versailles, wasu wani coci a Paris. A 1816 Yusuf Karamanli, Pashan Tarabulus, ya yi wa yariman Ingila kyautar wasu, bisa roƙon jakadan Ingila Hanmer Warrington. Suka yi shekaru a yashe a harabar gidan tarihi na Landan, daga bisani aka kai su Virginia Water kusa da Windsor, aka jera su a matsayin kufan ƙarya don ƙawata lambun sarki. Wannan Warrington, da amincin da ke tsakaninsa da Pasha, shi ne ya share wa matafiyan Birtaniya Denham da Clapperton da Oudney hanya suka tashi daga Tarabulus a 1822 zuwa Borno. Clapperton ya shiga Kano a farkon 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Italiya ta mamaye Libiya a 1911, daga shekarun 1920 kuma ta shiga tonon Labda gadan-gadan. Ba son ilimi kaɗai ya kawo su ba. Gwamnatin Musolini na son nuna wa duniya cewa gidan kakanninta ta dawo, don haka aka kwashe rairayi da sauri, aka tayar da ginshiƙai, aka yi sakaci da abin da mazauna na baya suka bari a sama. Sun manta, ko sun yi kamar sun manta, cewa wanda ya gina gidan wasan sunansa Annobal. Hukumar UNESCO ta sa Labda cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, a 2016 kuma ta mayar da ita jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda yaƙin Libiya. A shekarun rikicin, mutanen yankin Khums ne suka riƙa gadin wurin da kansu don kada a yi masa ɓarna. Teku na cin gaɓa sannu a hankali, Wadi Labda ma bai daina halinsa ba, in aka yi ruwa mai yawa yakan shigo da laka har cikin kufan.

A bakin ruwa, ba nisa da tsohon dandali, akwai ginshiƙai uku na koren marmar kwance a ƙasa. Daga gidan wankan Hadriyan aka jawo su a zamanin Lemaire, aka kawo su har gaɓa, sai aka rasa jirgin da zai iya ɗaukarsu.